Awon motsin gaɓoɓi da ƙarfin tsoka: yadda kine ke yin sa, da abin da lambobin ke nufi

Duk wanda likita ya tura wurin kine bayan karaya, ko ƙuna, ko shanyewar ɓarin jiki, yakan ga an rubuta wasu kalmomin Faransanci a takardarsa: bilan articulaire da bilan musculaire. Na farko awo ne na iyakar inda gaɓa ke iya kaiwa idan ta motsa, da digiri ake rubuta shi. Na biyu awon ƙarfin tsoka ne, maki ake ba ta daga 0 zuwa 5. Kine kuwa shi ne ma'aikacin lafiyar da ya ƙware wajen maido da motsin jiki, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa likitan gashin ƙashi. Da waɗannan awo biyu yake fara aiki, da su kuma yake gane ko magani na ci ko ba ya ci.

Awon ba ya buƙatar wutar lantarki ko na'ura mai tsada. Gado mai tauri, ɗan ma'auni na roba, hannun mai awo da alƙalami sun isa. Shi ya sa yake da amfani a wuri kamar Bawudeta, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, inda majinyaci kan fara da gidan likita na CSI, daga can a tura shi asibitin gunduma a Tasawa, in abin ya fi ƙarfin nan a wuce da shi Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 120 daga Tasawa. Haka tsarin yake ga mutanen Mayahi. Mutum ɗaya na iya bi ta hannun ma'aikata uku ko huɗu cikin wata shida, kowa da irin idonsa, kuma abin da ke haɗa su shi ne lambar da aka rubuta. To amma lambar nan tana da wani hali. Gwiwa guda, a rana guda, tana iya ba da digiri 130 idan mutum na kwance rigingine, ta ba da 110 idan ya kwanta rub da ciki. Babu wanda ya yi ƙarya cikin masu awon biyu, kwanciyar ce ta bambanta.

Shan inna ne ya haifi awon

Awon ƙarfin tsoka da hannu ya samo asali ne daga jinyar yaran da shan inna ya taɓa. A birnin Boston na Amurka, a farkon ƙarni na 20, likitan ƙashi Robert Lovett da abokiyar aikinsa Wilhelmine Wright sun lura cewa cutar ba ta kashe ƙafa gaba ɗaya: takan bar wata tsoka da ƙarfinta, ta raunana wata, ta kashe wata. Sai suka nemi hanyar gwada kowace tsoka ita kaɗai, suka ɗauki nauyin gaɓar kanta a matsayin ma'auni. Wright ta wallafa bayanin hanyar a 1912. Lokacin yaƙin duniya na biyu, hukumar binciken lafiya ta Ingila ta tsara makin 0 zuwa 5 domin sojojin da harsashi ya yanke wa jijiya, kuma shi ne ya bazu a duniya. Littafin Daniels da Worthingham na 1946, wanda aka fassara zuwa Faransanci, da na Kendall na 1949, har yau da su ake koyar da ɗaliban kine.

A Nijar wannan tarihi ba na nesa ba ne. Sai a watan Fabrairun 2006 aka cire ƙasar daga jerin ƙasashen da ƙwayar shan inna ta daji ke da gindin zama a cikinsu, sai kuma ranar 25 ga Agustan 2020 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar cewa Afirka ta rabu da ita. Waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan a kasuwanni da tashoshin mota, yawancinsu yanzu magidanta ne, kuma awon nan ne ke nuna wanda ƙarfen ƙafa zai tsayar da wanda keke ya fi dacewa da shi.

Awon motsin gaɓa

Ma'aunin sunansa goniyometa. Kamar abin auna kusurwa ne na ƴan makaranta, sai dai an haɗa masa hannuwa biyu masu tsawo, ɗaya a tsaye, ɗaya na juyawa. Akwai babba na gwiwa da ƙugu, akwai ƙarami na yatsu. Yanzu wasu kan yi amfani da manhajar wayar salula mai auna karkata, amma ƙa'idar ba ta canza ba.

Ana fara ƙirga daga sifili. Sifilin shi ne yadda gaɓa take idan mutum ya tsaya a miƙe, hannuwa a sake, tafin hannu na kallon gaba, ƙafafu a daidaice. Gwiwar da ta miƙe sarai tana kan sifili. Idon sawu kuwa sifilinsa shi ne lokacin da tafin ƙafa ya yi kusurwar digiri 90 da ƙwauri. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta fitar da littafin wannan tsari a 1965, da lambobin da ake ɗauka a matsayin na mai lafiya: ɗaga kafaɗa gaba digiri 180, naɗe gwiwar hannu 150, lanƙwasa wuyan hannu ƙasa 80, sama 70, naɗe cinya zuwa ciki 120, buɗe cinya gefe 45, naɗe gwiwa 135, ɗago tafin ƙafa sama 20, take shi ƙasa 50.

Ga yadda ake auna gwiwa, tunda ita aka fi kawowa. Majinyaci zai kwanta rigingine a kan gado mai tauri. Katifa mai laushi tana lotsawa ta ɓoye gaskiya, tabarma a ƙasa ta fi ta. Mai awo zai laluba ƙasusuwa uku da yatsa: tudun ƙashin da ke gefen ƙugu, tudun da ke gefen gwiwa ta waje, da ƙashin idon sawu na waje. Tsakiyar ma'auni na zama kan na gwiwa, hannu ɗaya na nuna na ƙugu, ɗayan na nuna idon sawu. Sai a karanta lamba a farkon motsi, a naɗe gwiwar har iyaka, a sake laluben ƙasusuwan saboda fata tana zamewa a kansu, a karanta lamba ta biyu. Mai awo yakan sunkuya idonsa ya daidaita da ma'aunin, domin karatu daga sama yana ƙara ko rage digiri. In ana son ganin ko gwiwa na miƙewa sarai, sai a sa naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin dunduniya a bar gwiwar ta sauka da kanta.

Lamba biyu ake rubutawa, ba ɗaya ba. Wanda aka rubuta wa 0 zuwa 100 yana miƙe gwiwarsa amma ba ya gama naɗe ta. Wanda aka rubuta wa 20 zuwa 135 yana naɗewa sarai amma ba ya miƙewa, saura digiri 20. Na biyun ya fi wahala wajen tafiya, don ƙafarsa ta gajarce kuma cinyarsa ba ta hutawa in ya tsaya.

Me ya sa rub da ciki ke ba da lamba ƙarama? Saboda akwai tsokar da ke ratsa gaɓa biyu. Ɗaya daga cikin tsokokin gaban cinya ta taso ne daga ƙashin ƙugu ta wuce gwiwa. In mutum na rigingine cinyarsa na naɗewa tare da gwiwa, tsokar na sake. In ya kifa ciki cinya a miƙe, an riga an ja ta daga sama, sai ta tsayar da gwiwar da wuri. Haka abin yake a idon sawu: babbar tsokar bayan ƙwauri ta taso daga saman gwiwa ta sauka agara. Idan tafin ƙafa ya ɗago sosai lokacin da gwiwa ke naɗe, ya ƙi ɗagowa da aka miƙe ta, to laifin na tsokar ne, gaɓar lafiya lau take. Wannan bambanci shi ke raba wanda miƙa tsoka zai wadatar da wanda sai an yi wa aiki.

Jiki ba ya son a ga gazawarsa, kuma nan ne aikin riƙewa ya shigo. Ka ce wa mai ciwon kafaɗa ya ɗaga hannu, zai gantsare baya ya karkata gefe, hannun ya yi sama alhali kafaɗar ba ta motsa ba. Cikin digiri 180 ɗin nan, kusan 120 ne na mahaɗar kafaɗa, ragowar allon kafaɗa ne ke zamewa a kan haƙarƙari. Shi ya sa ake kwantar da shi rigingine a naɗe gwiwoyinsa don bayansa ya manne da gado, mai awo ya dafe allon kafaɗar da hannu ɗaya. Wajen auna juya tafin hannu sama da ƙasa, gwiwar hannu na naɗe digiri 90 kuma manne da haƙarƙari, in ba haka ba kafaɗa za ta ara wa hannun motsin da ba nasa ba. A ƙugu ma akwai irin wannan ɓoyo. Mutumin da cinyarsa ta ƙage a naɗe yana iya kwanciya sumul kamar ba komai, saboda ya gantsare ƙasan bayansa. Likitan Birtaniya Hugh Owen Thomas ya bar gwajin da ke tona wannan tun ƙarni na 19: majinyaci ya rungume gwiwar lafiyayyar ƙafa zuwa ƙirji har baya ya kwanta, nan take cinyar da ta ƙage za ta tashi daga gado, sai a auna kusurwar tashin.

Ana auna motsi iri biyu. Na farko wanda majinyaci ya yi da kansa, na biyu wanda mai awo ya yi masa yana sake. In ya kasa ɗaga hannu da kansa amma mai awo ya kai masa shi har sama ba tangarɗa, gaɓa a buɗe take, matsalar na tsoka ko jijiya. In duka biyun sun tsaya wuri ɗaya, gaɓar ce ta ƙage. Ƙwararren kine yana kuma sauraron abin da hannunsa ke ji a ƙarshen motsi. Gwiwar hannu in ta miƙe, ƙashi ne ke karo da ƙashi, tsayawar tana da tauri. Gwiwa in ta naɗe, nama ne ke haɗuwa da nama, tsayawar mai laushi ce. Idan zafi ya hana a kai ƙarshen tun kafin hannu ya ji wani abu ya tare, wannan alama ce da ke sa a dakata a mayar da mutum wurin likita.

Ko a hannun ƙwararre, awon kan yi saɓanin kimanin digiri 5, kuma saɓanin ya fi yawa idan mutum biyu daban suka auna. Don haka wanda ya tashi daga 90 zuwa 93 cikin sati biyu kada ya ɗauka ya samu ci gaba tukuna, wanda ya sauka daga 90 zuwa 88 kuma kada ya karaya. Daga 90 zuwa 105, a kwanciya iri ɗaya, wannan ci gaba ne na gaske.

Lambar littafi da zaman tabarma

Lambobin da ke littattafai an tsara su ne a ƙasashen da ake zaman kujera. Tafiya a fili na buƙatar naɗe gwiwa kimanin digiri 60, tashi daga kujera kimanin 90 ko ɗan fiye. Saboda haka a Turai gwiwar da ta kai 110 bayan aiki ana ganin ta yi kyau. A Bawudeta wannan gwiwar ba ta gama warkewa ba. Zaman tahiya a salla, tsugunno a bayan gida, durƙuso wajen gaida manya, zama gaban murhu, duk suna neman fiye da digiri 140, tsugunno kuma yana neman idon sawun da ke ɗagowa sosai. Haka gwiwar hannu: wani sanannen bincike na asibitin Mayo a Amurka, a 1981, ya nuna cewa yawancin ayyukan yau da kullum na yiwuwa tsakanin digiri 30 da 130. Amma ba a lissafa da matar da ke daka da taɓarya, ko jan guga a rijiya, ko ɗora tulu a ka ba, waɗanda ke buƙatar kafaɗa da gwiwar hannu su miƙe har sama. Cin tuwo da dama na buƙatar naɗe hannu da juya tafi sama, tsarki da hagu na buƙatar kafaɗar da ke juyawa baya.

Kine mai hankali yakan tambayi majinyaci abin da ya kasa yi, ya rubuta shi kusa da digirin. Sannan ma'aunin da ya fi kowane littafi shi ne ɗaya ɓarin jikin mutumin, in lafiyayye ne. Da shi ake fara awo, don majinyaci ya gane abin da ake so kuma a san yadda gaɓarsa take tun asali.

Awon ƙarfin tsoka

Sai an gama auna gaɓa ake auna tsoka, domin ba za a zargi tsoka da kasa kai gaɓa inda gaɓar da kanta ba ta zuwa ba. Makin na tafiya kamar haka. Sifili, babu ko motsi, yatsan mai awo bai ji komai a kan tsokar ba. Maki 1, ana jin tsokar ko ana ganin ta tana ɗan harbawa amma gaɓa ba ta motsa ba. Maki 2, tana kai gaɓar har ƙarshe in an ɗauke mata nauyi. Maki 3, tana ɗaga gaɓar sama har ƙarshe da nauyinta, amma da an ɗan danna sai ta faɗi. Maki 4, tana jure danni matsakaici. Maki 5, mai awo ya danna da ƙarfi ya kasa karya ta.

Maki 3 shi ne tsakiyar lissafin, kuma daga nan ake farawa. Wajen gwada tsokar gaban cinya, majinyaci zai zauna bakin gado ƙafafu na lilo, a ce ya miƙe gwiwa. In ya miƙe ta sarai ya samu 3, sai mai awo ya sa hannu a ƙwauri daf da idon sawu ya danna ƙasa a hankali yana ƙarawa, ya ce masa ya riƙe kada ya bari a karya. In kuwa ya kasa ɗagawa, ba a rubuta sifili. Sai a kwantar da shi a gefe, mai awo ya tallafe ƙafar, a ce ya miƙe gwiwa a kwance inda nauyi ba ya ja. Mutane da yawa da aka ɗauka ƙafarsu ta mutu, nan ake gano suna da maki 2. Tazarar da ke tsakanin sifili da 2 ba ƙarama ba ce: mai 2 jijiyarsa na isar da saƙo, akwai abin ginawa a kai.

Kuskuren kwanciya na iya ba da maki na bogi ta ɗaya fuskar ma. Mutum na zaune hannu a naɗe, a ce ya miƙe gwiwar hannu, sai hannun ya sauka da kansa ko da tsokar bayan damtse ta mutu murus, nauyi ne ya yi aikin. Dole a kifa shi a bar hannun na lilo daga bakin gado, ko a ɗaga damtsen sama, don miƙewar ta zama hawa.

Inda aka sa hannu ma yana da tasiri. Danni kusa da idon sawu ya fi danni kusa da gwiwa nauyi a kan tsoka, kamar yadda doguwar ƙota ta fi gajeriya ƙarfin ɓanɓara. In yau an danna a nan gobe a can, makin ba zai kwatantu ba. Ba a fizga, ba a mamaye. Kuma ana sa ido kan satar aiki, wato wata tsoka ta yi aikin wata. Wanda ake gwada tsokar gefen ƙugunsa yana kwance a gefe yakan mirgina baya kaɗan ya ɗaga ƙafar da tsokokin gaban cinya. Wanda yatsunsa suka shanye, in ya ɗaga wuyan hannu sama sai yatsun su naɗe da kansu kamar yana damƙa. Mai awo yakan ajiye yatsansa a kan tsokar da yake nema don ya tabbatar ita ce ke aiki.

Raunin wannan awo yana wajen 4 da 5, domin ya dogara ga ƙarfin mai awo. Ƙaramar ma'aikaciya ba za ta iya karya cinyar manomin da ya saba da hauya ba ko da ya rasa kashi mai yawa na ƙarfinsa, sai ta rubuta 5. Saboda haka tsokar bayan ƙwauri ba a gwada ta da hannu: mutum zai tsaya da ƙafa ɗaya ya riƙa ɗaga dunduniya, ana ƙirgawa, littattafai na neman sau 20 zuwa 25 kafin a ba da cikakken maki. Inda babu na'urar auna ƙarfi, akwai dabarar naɗe abin awon hawan jini, a ɗan hura shi, a sa tsakanin hannun mai awo da gaɓar, a karanta inda allurar ta kai. 

Inda aka fi buƙatarsa a wannan yanki

Allurar da ta taɓa jijiya tana sahun gaba. Babbar jijiyar ƙafa ta ratsa ta ɗuwawu, in aka soka allura a tsakiya ko ƙasa maimakon sama ta waje, musamman ga yaro ramamme, ana iya samun ta. Allurar kinin ta yi ƙaurin suna a nan, har likitocin da suka yi aiki a Yamai a shekarun 1990 suka gwada ba yara maganin ta dubura don kauce wa wannan. Alamar ita ce tafin ƙafa ya saki, yaro na jan yatsu a ƙasa ko yana ɗaga gwiwa sama in zai taka. Awon wata-wata na tsokar da ke ɗago tafin ƙafa ne ke nuna ko jijiyar na farfaɗowa, awon idon sawu kuma na nuna ko agara ta fara gajarcewa. Allurai masu yawa a gaban cinya kan sa tsokar ta taurare gwiwa ta ƙi naɗewa, kuma a nan ne bambancin rigingine da rub da ciki ke fitowa ƙarara. Irin wannan sakin ƙafa yana samun matan da suka yi doguwar naƙuda, sau da yawa tare da yoyon fitsari.

A kuturta, awon ya zama gajere kuma na kai-a-kai. Cibiyoyi irin asibitin Danja, kusa da Maraɗi, da ya daɗe yana jinyar cutar, aikinsu ne kullum. Motsi biyar ake dubawa: rufe ido, buɗe ƙaramin yatsa gefe, ɗaga babban yatsa sama daga tafi, ɗaga wuyan hannu, da ɗago tafin ƙafa. Kowanne na wakiltar jijiya guda, kuma sau da yawa maki uku kawai ake bayarwa: mai ƙarfi, mai rauni, shanyayye. Muhimmancinsa shi ne raunin da bai wuce wata shida ba yana iya dawowa da magani irin su prednisolone. In an makara, yatsu su naɗe ke nan.

Yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ba a tsayawa jiran kine. A kai shi CSI nan take, domin ƙa'idar sa ido kan shan inna ta ce a ɗauki bayan gidansa sau biyu, tsakaninsu aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon. Ƙananan yara ba sa bin umarni, don haka da wasa ake auna su: a yi musu cakulkuli a tafin ƙafa, a miƙa musu abu, a kalli yadda suke tashi daga ƙasa.

Bayan ɗori, na gida ko na asibiti, gaɓar da ta daɗe a ɗaure kan ƙage, gwiwar hannun yara da gwiwar manya sun fi saurin haka. Ɗaurin da ya matse har jini ya kasa wucewa yana kashe tsokar hannu, yatsu su naɗe su ƙi miƙewa sai an lanƙwasa wuyan hannu ƙasa. Mai amosanin jini da ke ɗingishi, juya cinya ciki ne ke fara raguwa idan kan ƙashin ƙugu ya soma lalacewa. Shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini kuwa makin 0 zuwa 5 bai cika dacewa da ita ba, saboda matsalar daga ƙwaƙwalwa take: tsokoki na motsi a dunƙule, suna kuma sandarewa in an ja su da sauri. A nan kine yakan ƙara da wani ma'auni na sandarewa mai suna Ashworth, ya kuma duba zama, tsayuwa da tafiya.

Lokacin da ake dakatawa, da abin da ya rage ga majinyaci

Ba a tilasta gaɓa ko danna tsoka a kan karayar da ba ta haɗe ba, ko gocewar ƙashi, ko jijiyar da aka ɗinke kwanan nan, ko gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ana hana shi riƙe numfashi lokacin da yake yunƙuri. Gajiya ma tana rage maki. Wanda ya sha tafiya kan kabu-kabu ko amalanke tun asuba, a bar shi ya huta kafin a auna shi, in da hali kuma a riƙa yin awon a lokaci ɗaya na yini.

Tufafi na shiga cikin lissafi, domin ba a laluben ƙashi ta cikin babbar riga ko zani mai kauri. Namiji ya zo da gajeren wando a ciki, mace ta sa wando mai laushi ƙarƙashin zani. Tana da damar neman mace ta auna ta, ko ƴar'uwarta ta tsaya a ɗakin, a kuma rufe duk inda ba a aunawa.

Kafin a fita, a duba cewa an rubuta abu biyar a karne ko takarda: kwanan wata, ɓarin dama ko hagu, kwanciyar da aka yi awon a cikinta, ko majinyaci ne ya motsa da kansa ko motsa masa aka yi, da ko akwai zafi. Wanda ke da waya ya ɗauki hoton shafin, domin takarda na jiƙewa da damina, kuma ita ma'aikacin gaba, a Tasawa ko Maraɗi, zai fara tambaya.